Azarar Ɗakin Barira

Ran da aka yaye rufin ɗakinta, Barira tana zaune a gindin turmi tana tsintar wake, ƙasa na zubo mata a faifai. Ba wanda ya ce mata ta matsa. Lebura na saman soron suna farfasa rufi da diga suna turo ƙasar tsakar gida, Arzika kuwa ya riƙe ƙugu yana ba da umarni, sai ka ce ba ɗakin matar da ta goya shi ake buɗewa ba.

Arzika ɗan ƙanen mijinta ne. Uwarsa ta bar shi yana jinjiri, Barira ta ɗauke shi ta ɗaure a baya, a lokacin nata 'ya'yan suna zuwa suna komawa. Mijinta Lado magini shi ya koya masa cuɗa ƙasa da jera tubali. Da Lado ya rasu gida ya zama na Arzika, sana'a ta zama tasa, tsohuwa kuma aka bar ta a soronta tana cin abin da aka ba ta.

Abin da ya kawo diga kanta shi ne wani aiki da Arzika ya samu. A bayan garin Jibiya, kan dutsen da ke kallon hanyar Maraɗi, akwai tsohon barikin saukar baƙi da ya daɗe yana zagwanyewa. A shekarun nan motocin gyaɗa sun yawaita tsakanin Katsina da ƙasar Faransi, wato wajen Maraɗi, manya na ratsawa suna neman wurin kwana, sai aka ce a gyara shi. Baturen da ya zo da tsarin ginin ya ce shi ba ya son kwano, ba ya son siminti. Dutse yake so a gindi, ƙasa a jiki, makuba ta ɓawon ɗorawa a yaɓe, azara a sama, yadda mutanen wurin suka gada. Azarar ma ba kowace ba. An kawo masa sabuwa ya girgiza kai, wai tsohuwa yake so, wadda hayaƙin shekaru ya dafa har ta yi baƙi tana sheƙi. Nan take Arzika ya ce ya san inda take.

Da ya zo gaya mata ya durƙusa har ƙasa, don Arzika ba ya wasa da ladabi.

"Inna, aro ne. Kahin ruwan hwari, in Allah ya yarda, na rufe miki da sabuwa wadda ta hi wagga."

"Wagga ɗin mi ta yi?" in ji Barira. "Baffanka da kanshi ya saro ta hwadamar Bugaje. Namijin giginya ce, gara ba ta taɓa lasa tata ba."

"Shi ya sa Bature ka son ta, Inna."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Shi kuwa ya ɗauki shirun ya sa a aljihu ya tafi kiran lebura.

Aka kafa mata rumfar zana kusa da turken awaki, aka tura gadon karanta da tukwanenta ciki. Lokacin bazara ce, gari kamar tanderu. Ma'u matar Arzika tana wucewa da tulu ta ce, "Inna kam kin huta da zahin soro, mu ne anka bari muna dahuwa." Barira ta yi murmushi don kada a ce ta cika ƙorafi. Ba a jima ba aka dawo aka cire ƙyauren ɗakin, wai Bature ya ji labarinsa. Arzika ya ce ai ɗakin da ba rufi ba ya bukatar ƙyaure, kuma duk wanda ya ji ya san gaskiya ya faɗa.

Da gini ya kai ga daɓe sai aka tuna da ita. Duk unguwar ba macen da ta kai Barira sanin jiƙon makuba da yadda ake bin tsakuwa da madaɓi har ƙasa ta kwanta sumul. Arzika ya sake durƙusawa. Ta ɗaura ɗamara ta bi matan da aka tara suka hau dutsen, tana hawa tana hutawa.

Gaskiya ginin ya yi kyau, ita kanta ba ta iya musawa ba. An ɗora shi kan falalen dutse, an jera masa gindi da duwatsun wurin har ƙugun mutum, daga nan jar ƙasa ta tashi da kauri, an shafe ta da makuba tana ɗaukar ido. An fuskantar da baranda arewa inda rana ba ta dukan ta, an huda tagogi ƙanana a sama iska na ratsawa. Ruwan da zai sauka kan rufi an yi masa hanya da indararo na giginya, ya zuba can nesa da bango. Tana shiga sanyi ya rufe ta kamar ta leƙa randa. Ta shafa bakan da ya riƙe tsakiyar babban ɗakin, ta ga hannun Lado a ciki sak. A ranta ta ce yaron nan ya koyu. Har wani daɗi ya taso mata, irin na uwa, wanda ba ya tambayar ko an cancanta.

Sai ta ɗaga kai. Azararta ce a jere, an goge ta an shafa mata mai. Ta san kowace ɗaya. Ga wadda ta ɗan karkace a kusurwa. Ga wadda igiyar ragayarta ta ci har ta yi mata wuya, inda ta rataye ƙoren nono da tuwon safe tun tana amarya. Hayaƙin da Bature yake yabo, na wutar jegonta ne da ta girkin damina. Ta sunkuyar da kai ta kama madaɓi. Matan suka ɗauki waƙar daɓe suna bugawa tare, ita ba ta iya amshi ba.

Wajen azahar Baturen ya shigo da tafintansa, Arzika na biye yana murza hannu. Baturen ya tsaya ya daɗe yana kallon sama, ya yi magana cikin jin daɗi. Tafinta ya ce, "Yana tambaya ina ka samo ta."

"Wani kango ne cikin gari," in ji Arzika. "Ba kowa ciki."

Barira na durƙushe kusa da ƙafarsa, hannunta jawur da ruwan makuba. Madaɓin matar da ke gefenta ya tsaya cak. Marta ce, wata Bamagujiya daga Bugaje mai kawo makuba, wadda ta san gidan ta san ɗakin. Ta dubi Barira, Barira ta ci gaba da bugun ƙasa.

Sai da suna saukowa da yamma ta tare shi a kan hanya.

"Arzika, ni ce ba kowa?"

"Haba Inna. Maganar Bature ce, sai ka hwaɗa mishi abin da shika son ji. In na ce na gidanmu ce sai shi tsaya tambaye-tambaye, aiki shi lalace. Ke ma ba ki so a ce ɗan Lado ya kasa."

Wannan kam ba ta so. Haka suka sauka.

Hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Kullum Barira na kallon sama, tana kallon ƙofar gida ko za ta ga an shigo da azara. Ruwan fari ya sauka wata ranar la'asar, da iska mai ƙarfi. Zana ba ta riƙe komai ba. Awaki suka tsinke suka kutsa rumfar suka haye gadonta, ita ta takure a kusurwa ta kifa ƙwarya a ka. Daga nan tana hangen soronta a buɗe, ruwa na zuba a ciki yana bin bango yana wanke shi. Manoma na murna a waje, yara na tsalle cikin taɓo, ita tana karkarwa.

Washegari ta sami Arzika yana karyawa a zaure. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce ruwan fari dai ya sauka.

Ya ce ya sani, abin na ransa. Malamin daji ne ya hana saran giginya sai da izini, yana nan yana nema. Da izini ya samu, sai ya ce ɗanyar azara ba ta rufi, in an ɗora mata ƙasa lanƙwashewa take, sai ta sha iska ta bushe. Da aka kwana biyu ya ce ko ta bushe ma ba a zuba rufin ƙasa ruwa na sauka, kowane magini ya san haka. Da ta ce to a yi mata jinka ko ta ɗan lokaci, ya ce shucin da ke akwai an rufe bargar bariki da shi, sabo kuwa bai fito ba, lebura ma duk sun koma gona. Abin da ke ƙona rai a lamarin Arzika shi ne bai taɓa yi mata ƙarya a kan sana'a ba. Kowane uzuri nasa gaskiya ne, in ka kai shi gaban Sarkin Magina zai ce haka ne. Amma tsohuwa na kwana cikin ruwa a gidan magini.

Tari ya kama ta. Da fari busasshe, daga baya ya sauka ƙirji ya zauna. Gadon kara ya jiƙe ya yi funfuna, zannuwanta ba sa bushewa kafin wani ruwan ya zo. Ta haɗiye girmanta ta je wajen Ma'u, wadda da hannunta ta yi mata wankan jego.

"Ɗiyata, ki ba ni ko bakin ƙofa ne ɗakinki in raɓa, har ruwa shi ɗauke."

Ma'u ta daina tankaɗe ta ce, "Wallahi Inna da kin zo tun hwarko da ba komi. Amma tarin ga naki, ga yara. In ya kama ɗan ƙaramin ga mi zan ce wa ubanshi? Ki sha jiƙo tukuna, in ya yi sauƙi sai ki taho."

Ruwan da ya kawo tarin shi ne ke ƙara shi, tarin kuma shi ya hana a fitar da ita daga ruwan. Ma'u ba muguwa ba ce a yadda mutane ke auna mugunta. Tana kawo mata kunu da zafinsa, tana ajiyewa daga nesa.

Saura zaure. Zauren gidan babba ne, Lado ya gina shi da baka biyu, ko ɗigo ba ya yi. Barira ta roƙi a bar ta ta shimfiɗa tabarma a lungunsa. Arzika ya zaro ido.

"Mace zaure, Inna? Nan nika ganin mutane. Yanzu hwa manya ka zuwa nema na. Su shigo su iske ki kwance, mi za a ce?"

Ta yi tunanin kai kuka wajen mai unguwa, har ta yafa mayafi. A soron ƙofa ta tsaya. Ta tuna bakin da ya tauna wa Arzika abinci yana ƙarami shi ne zai je ya tona masa asiri gaban maza, sai ƙafa ta ƙi. Ta koma rumfa ta zauna tana jin haushin kanta.

Ran kasuwa Marta ta biyo ta gaishe ta. Ta leƙa rumfar, ta ga tabarmar da ke tsatsafo da ruwa, ta ga yadda wuyan tsohuwar ya zama kamar sillen kara. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Iya, tashi mu tahi Bugaje. Ɗakin uwar mijina na nan ba kowa, jinkarshi sabuwa. Ga jaki waje."

Barira ta fara tattara tsummokaranta. Rabon da ranta ya yi fari haka har ta manta. Sai ga Arzika ya shigo, Ma'u ta riga ta kai masa labari.

"Ina za ki, Inna?"

"Inda ruwa bai zuba."

"Ki tahi ƙauye wajen Maguzawa, ina raye? So kike garin ga duka shi ce Arzika ya kori uwarshi? Ni da nika ci da ke, nika sha da ke?" Ya juya ga Marta. "Baiwar Allah, mun gode. Muna da gida."

"Gida na gani," in ji Marta. "Ruhi ne ban gani ba."

Ya nuna mata ƙofa. Ta fita tana waiwaye, ta bar wa tsohuwar ƙullin daddawa a kan gado. Barira ta kwance tsummokaran ɗaya bayan ɗaya ta mayar inda suke. A ranar ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye ba, Ma'u ta ƙara ƙarfin daka don kada ta ji.

Da damina ta yi tsakiya, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, bangon gabas na soronta ya saki. Ya zame a hankali ya zube cikin ɗakin, ya binne gurbin gadonta da murhun da ta yi shekaru tana hura wuta. Ginin ƙasa in an cire masa hula haka yake ƙarewa, Arzika ya fi kowa sani. Ya zo ya tsaya kan tarin ƙasar ya tafa hannu yana salati.

"Kin gani ko, Inna? Ashe ginin ya ruɓe. Allah ya taimake mu munka hitar da ke, da yanzu wani labari akai."

Maƙwabta da suka shigo jaje suka ce lallai Allah ya kiyaye, Arzika ya yi hangen nesa. Barira na jin su daga rumfa. Ta buɗe baki, tari ya riga magana fita.

A cikin kwanakin aka buɗe barikin. Manya suka zo daga Katsina, wani kumandan Faransawa ya tsallako daga Maraɗi da motarsa. Aka yi sa'a ruwa ya sauka suna ciki, suka zauna a baranda suna kallon indararo na aikinsa, ko ɗigo bai taɓa daɓen ba. Aka yaba wa magini, aka ba shi riga. Ya dawo gida da ita a jiki, ya tsaya bakin rumfa ya buɗe hannuwa don Inna ta gani ta sa albarka. Ta sa masa. Lokacin ba ta iya tashi sai da dafa bango, bangon ma na zana ne.

Daga nan abinci ya daina shiga. Kunun da Ma'u ke ajiyewa ƙuda ke shanyewa. Barira ta daina tambayar azara, amma ba ta daina saurare ba. Duk jakin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai.

Wata ranar Laraba da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, ta ji an tsai da jaki, ta ji an sauke kaya, ta ji ƙarar da ba ta kama da ta itacen wuta. Azara in ta bugi 'yar'uwarta amo take yi mai nauyi, matar magini ba ta ɓata shi. Ta ce ashe yaron nan yana sane, ashe ta zalunce shi a ranta. Ta ja jiki da gwiwa da hannu har bakin rumfa.

Arzika ne ke jera su a tsakar gida. Baƙaƙe ne, masu sheƙi, nata ne. Sai dai guntaye ne, ragowar da aka datse lokacin da ake daidaita su da ɗakin bariki. An sake bin su da zarto an mai da su tsawo ɗaya, kowanne bai wuce kamu biyu ba. Ba ɗakin da ake rufewa da kamu biyu, ko akurkin kaji ya fi haka.

Ta daɗe tana kallon su. Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma a tsakar gidan nan ta sha ganin Lado yana yankan itacen rufe kabari daidai wannan tsawon, duk ran da aka yi rashi a unguwa. Ya yanka wa 'ya'yansu ma, yana yi yana share ido.

"Arzika."

Ya juyo a firgice, bai zaci tana iya fitowa ba.

"Na mine ne waɗanga?"

"Ragowa ce, Inna. Na ce kada ta lalace can. Ko wuta a hura."

"Ba a hura wuta da azara. Kai ma ka sani."

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen sabuwar rigarsa. Da ya ga ba mafita sai ya faɗi gaskiya, da muryar mai neman a yaba masa.

"Damina ce, Inna, busasshen icce wuya shikai. Rai na hannun Allah, ba wanda ya san na gaba. Amma in abu ya taso ban son a shiga neme-neme. Kada a ce Arzika magini ya ruhe uwarshi da ƙirare."

Barira ta miƙa hannu ta jawo guntu ɗaya. Yatsunta suka faɗa cikin wuyan da igiyar ɗaya ragayar tata ta yi masa. Ta rungume shi a ƙirji kamar yadda ta taɓa rungumar mai maganar.

"To, madalla," ta ce. "Wannan ruhin kam ka shirya shi da wuri."

Sai iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo masa a hannun riga. Ya dubi sama ya dubi itacen, ya ɗaga murya.

"Ma'u, taho mu kwashe su mu kai zaure, kada ruwa shi jiƙa su."

Suka yi ta kai da kawowa da gudu, shi da matarsa, har suka jere su a lungun zauren, kan duwatsu don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, suka lulluɓe da tabarma. Barira ta ja jiki ta koma kusurwarta. Ruwa ya fara tsatsafowa ta zana, ya sami kafaɗarta inda ya saba samu.

Can sai ga Ma'u ta dawo a guje, ta yafa buhu a ka. Ta tsaya daga nesa kamar kullum, ta miƙo hannu.

"Inna, kawo wannan ma, zai jiƙe."

Barira ta miƙa mata.